Tambaya da Amsa: Dila ya ce ko cek ko 'yan sanda

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ina da shagon fenti da tayil a kasuwar Dei-Dei nan Abuja, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kasuwa ta ƙi, masu gini duk sun ja baya, wanda ma ya zo sai ya taya ya wuce. Yanzu dilan da ke ba ni kaya yana bina kuɗi masu ɗan kauri, ya ce ko in rubuta mai cek na wata biyu masu zuwa ko ya haɗa ni da 'yan sanda, ga mai shago na cewa zai sa kwado saboda kuɗin haya, ga yaron shagona da ya shekara uku yana min aiki ina so in sallama. Don Allah ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Cek ɗin nan shi ya fi tayar min da hankali, kar ka sa masa hannu in dai ba ka da tabbacin ranar akwai kuɗin a akawun. Kaga bashi shi kaɗai ba laifi ba ne, sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne, ko da yake ni da kai mun san ana yi. Amma da zarar ka ba da cek banki ya dawo da shi babu kuɗi, to magana ta canza, akwai dokar 1977 da ta yanke shekara biyu gidan yari kuma babu zaɓin tara, wato da hannunka ka miƙa wa dilan sandar da a da bai da ita.

Ka je ka same shi tun bai neme ka ba, ɗauki shugaban layinku ya zama shaida, a zauna da littafin bashi a fitar da lissafi, kayan da ba su shiga ba ka mayar mai a cire, sauran a rubuta nawa za ka riƙa bayarwa duk wata, abin da za ka iya fa, ba na jin kunya ba. In ya ƙi, Babbar Kotun Abuja na da sashen sulhu. Kuma duba takardarka ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, in rajistar sunan kasuwanci kawai ka yi ba kamfani Limited ba, bashin na kanka ne kacokan, har motarka kotu na iya sawa a yi gwanjo.

Mai shago kam ba shi da ikon kwado. Mai hayar shekara a Abuja notis ɗin wata shida ake ba shi sai in takardarku ta faɗi wani abu daban, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. In wa'adin da kuka rubuta ya riga ya cika, na kwana bakwan kaɗai ya rage, kuma kuɗin hayar dai sai ka biya.

Yaron da ya shekara uku yana maka aiki, dokar ƙwadago ta ce notis na sati biyu ko ka ba shi kuɗin sati biyun, haɗe da duk albashin da yake binka, a rubuce ya sa hannu. In kuma tun farko ka yi wa iyayensa alkawarin jari ranar sallama, wannan wata magana ce daban, sai ka kira su ku zauna.