Rubutun da ya ƙi bin faɗin taga

Tambaya: Malam, ina haɗa manhajar kwamfuta da Tkinter na Python, amma idan na faɗaɗa taga sai rubutun Label (akwatin nuna rubutu) ya maƙale a gefe guda, idan na matse ta kuma ƙarshensa ya yanke. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, tsarin grid, mai jera abubuwa a layuka da ginshiƙai, ba ya ba ginshiƙi ƙarin fili muddin weight ɗinsa (rabonsa na ƙarin fili) yana kan 0, wanda shi ne adadinsa na asali. Ka mai da shi 1 ta columnconfigure, sannan ka sa sticky ya zama "ew" domin Label ya manne hagu da dama. Yankewar kuwa maganinta wraplength, wato faɗin da rubutu zai kai kafin ya sauka sabon layi, sai dai adadinsa ba ya sauyawa da kansa, dole ka sabunta shi duk lokacin da Configure (sanarwar sauyin girma) ya kawo sabon faɗi.