Amsa: Haɗa tsohon bututun dalma da PPR

Malam, ka ce ka tono tsohon bututun dalma a gidanku na GRA a Bauchi, kana son haɗa shi da PPR, wato bututun ruwa na roba da ake haɗawa ta hanyar narka bakinsa. Zai haɗu, amma gam ɗin bututun roba na PVC ba ya kama dalma, injin narka PPR ma ba aikinsa ba ne. Nemi mahaɗin roba mai matsewa, mai zoben roba a ciki, irin na kamfanin Philmac. Auna kaurin bututun daga waje kafin ka saya, domin bututun dalma mai rabin inci yawanci ya fi na PPR kauri. Yanke shi daidai, ka kankare bakin ya yi sumul, sannan ka ɗaure a hankali. Dalma tana da laushi, in ka matse da ƙarfi sai ta lotsa ta fara yoyo.

Da farko dai tabbatar dalma ce: maganaɗisu ba ya kama ta, in ka karce da makulli sai ta yi ƙyalli. In ruwan sha ne ke bi, don Allah cire layin gaba ɗaya. Yanka da jijjiga suna ƙara sakin gubar dalma cikin ruwa, tafasawa ba ta cire ta, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana take fara taɓawa.