Na sayi tsohon injin yanka katako, ta ina zan fara gyaransa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Na samu wani tsohon injin zarto mai tebur na hannu, ƙirar Wadkin, mai shi ya ce ya fi shekara goma a ajiye ba a tayar da shi ba. Teburin duk ya yi tsatsa, hannun da ake juyawa a ɗaga zarton ya ƙi motsi, kuma a jikin moton an rubuta 415V tiri fes alhali wutar gidana singil fes ce. Ina so in wanke shi in yi masa fenti in fara aiki da shi a ɗan shagon da na ware a gida. Ya kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ka yi dace, Wadkin kamfani ne na garin Lesta a Ingila tun 1897, kuma injinansu na da ƙarfen zubi ne mai nauyi wanda in aka kula da shi sai ya kai jikokinka. Amma dan Allah ka ajiye maganar fenti tukuna, shi ne na ƙarshe, kuma kar ka jona shi da wuta ko don gwaji, robar tsofaffin wayoyi tana bushewa ta farfashe, kana iya taɓa jikin injin wuta ta ja ka.

Abu na farko ka duba tsagewa. Ka goge ƙura da kananzir ka haska tocila a ƙarƙashin teburin musamman wajen ƙarfen da ke riƙe da shaf (sandar da ke juya zarton) yana kwantar da zarton, in ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma lafiyayyen ƙarfe zai yi ƙara mai zaƙi, mai tsagewa kuma sai ka ji ta dishe. Ƙarfen zubi ba ya son walda irin ta gama gari, sai an ɗumama shi an yi da sandar nikel an bar shi ya huce a hankali, to in tsagewar a wannan wurin take ka yi lissafi sosai kafin ka ƙara kashe komai a kansa.

Daga nan sai shaf ɗin da zarton ke zama a kai, nan ne zuciyar injin. Cire bel ɗin ka juya da hannu, in ka ji yana gurzawa ko yana wasa to boris ya mutu, ni kam ko bai yi ƙara ba canzawa nake yi, giris ɗin da ya yi shekara goma ya riga ya daskare. Lambar tana rubuce a gefen boris ɗin, da ita za ka nemi sabo, kuma ka cire da fula, wato na'urar zare boris, kar ka daki bakin shaf da guduma don in ya lanƙwasa ko kaɗan zarton zai riƙa rawa, yankanka ba zai taɓa fita sumul ba. Ka lura notin da ke ɗaure zarto a injina da yawa zarensa na hagu ne, ka duba kafin ka sa ƙarfi. Wani abin kuma notocin tsofaffin injinan Ingila awon inci ne irin na Whitworth, sifanar milimita za ta cinye masu kai ne kawai. Kuma ka riƙa ɗaukar hoto da waya duk abin da za ka kwance, wallahi bayan sati biyu ba za ka tuna wace wosha ce ta ina ba.

Hannun da ya ƙi motsi yawanci garin katako ne da tsohon mai suka cushe haƙoran giya, jiƙa shi da kananzir ya kwana biyu ka goge da buroshin ƙarfe, kar ka sa masa bututu ka danna. Tsatsar tebur kuma ba abin tsoro ba ce, ka kankare da reza ka bi da samfefa mai laushi kamar lamba 320 a naɗe jikin katako mai lafe, ban da giranda, tana cin tebur ta bar rami. In ya yi fes ka shafa kakin goge katako wanda babu silikon a ciki, mai kuwa zai ɓata maka katakon aiki.

Maganar wuta hanya biyu ce. Ko ka sa moto singil fes mai ƙarfi da gudu daidai da na asali, ko ka sayi na'urar VFD mai juya singil fes zuwa tiri fes, sai dai yawancinsu 230V suke fitarwa, saboda haka sai in moton naka yana karɓar haɗin delta, wato haɗin wayoyin da zai sa ya yi aiki da 230V. In 415V kaɗai aka rubuta sau da yawa mai naɗin moto zai iya buɗewa ya fito da wayoyin da za a yi wannan haɗin da su, ka sa shi ya auna lafiyar kwayil ɗin ma lokaci guda. Sabbin wayoyi, wayar at (mai kai wuta ƙasa) a jikin injin, da makunnin da ba ya tashi da kansa in wuta ta ɗauke ta dawo, waɗannan ba na sassauci a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne irin waɗannan injinan sukan zo babu murfin zarto babu ƙarfen nan da ke tsaye a bayan zarton yana hana katako matse shi, in babu shi katako na iya dawowa kanka da gudu ko ya ja hannunka. Ka sa a ƙera maka wannan ƙarfen, kaurinsa ya fi jikin zarton kaɗan amma kar ya kai faɗin yankan haƙora, sannan ka daidaita zarton da layin da ke kan teburin. In ka zo fentin ka sa takunkumi ka jiƙa wurin kafin gogewa, tsohon fenti yakan ƙunshi dalma.