Tambaya da Amsa: Jirage Biyu a Layi Ɗaya

Tambaya: Ni tsohon ma'aikacin reluwe ne, mazaunin Kakuri. Ɗana ya aiko mini da ƙananan jiragen ƙasa na wasa guda biyu masu aiki da lantarki, samfurin HO (wato sunan ma'aunin girmansu), daga Amurka. In na ɗora su a layi ɗaya, tare suke tashi, tare suke tsayawa. Wace na'ura zan saya kowanne ya ji nasa umarnin?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tsarin DCC kake bukata. A cikinsa wuta na kan layi koyaushe, umarni kuma yana bin cikinta. Kowane kan jirgi ana saka masa ɗan guntun na'ura mai suna dikoda, wadda ke da lambarta. Sabuwa da lamba 3 take zuwa, don haka sai ka canza wa ɗaya. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya faro tsarin, ƙungiyar masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, wato NMRA, ta mai da shi ma'auni, shi ya sa dikodar wannan kamfani ke jin na'urar wancan.

Jirage biyu, na'urar DCC ta hannu mai maɓallai, NCE Power Cab, ta ishe ka. Roco z21 ma tana da kyau, amma yawanci da wayar salula ake sarrafa ta. Ni dai hannun da ya saba da ƙarfe na fi son ya riƙe maɓalli na gaske.

Kafin ka jona, duba bayan cajar na'urar: in 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, ba 100-240V ko 230V ba, wutarmu ta 230 za ta ƙone ta. Ka sa sitabilaiza. Lokacin hunturu kuma, ƙurar Kaduna na kwanciya a kan layi har jirgi ya riƙa tsinkewa. Goge da tsumma mai ɗan sifirit, ka rufe da zane in ka gama.