Yadda hannu kaɗai ke kashe IC

Ka tambaye ni, na'ura a kashe, an zare batir, ta ina wuta za ta fito har a ce hannunka ya ƙona IC, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin nan mai ƙafafu da yawa? Yarona, wutar a jikinka take.

Duk lokacin da abu biyu suka haɗu suka rabu, kamar takalminka da daɓe ko rigarka da kujerar roba, ɗaya yana kwashe elektron daga ɗayan. Wanda ya samu ƙari ya zama nagatif, wanda ya rasa ya zama fozitif. Idan babu hanyar da cajin zai bi ya sauka ƙasa, sai ya kwanta a jikinka yana jira. Tafiya a kan kafet cikin busasshiyar iska tana iya tara maka har bolt 35,000, ɗaga leda daga tebur kuma kusan 20,000. Abin da ya hana shi yi maka lahani shi ne ƙarancinsa: jikin mutum ƙaramar kafasita ce, wato ma'ajiyar caji, mai kimanin fikofarad 100, tana juyewa kafin ƙiftawar ido.

Ga inda matsalar take. Kai ba za ka ji tsartuwar ba sai ta kai wajen bolt 3,000. Amma a cikin MOSFET, wato ƙaramin makunnin lantarki irin wanda ke cikin IC, akwai wani siririn shafe da ke raba ƙofarsa da sauran jikinsa, wanda ƙasa da bolt 100 ma yana iya huda shi. Ke nan za ka iya kashe kaya ba ka ji komai ba, ba ka ga tartsatsi ba. Mafi muni shi ne raunin da ba ya kashewa nan take. Fanel, wato allon da IC ke zaune a kai, ya tashi lafiya a gabanka, bayan makonni ya fara ɗaukewa, ya riƙa shan batir, a rasa dalili. Wannan shi ke zubar da mutuncin mai gyara, shi ya sa ba na sassauci a kansa.

Kafin ka buɗe kowace na'ura, ɗaura madaurin hannu mai sauke caji, ƙarfensa ya taɓa fata sosai, ba a kan hannun riga ba. Igiyarsa da ta tabarmar aiki su haɗu a wuri guda, daga nan zuwa wayar ƙasa. Manufar ita ce kai da tebur da fanel ku zama daidai, domin caji ba ya tsalle sai an samu bambanci. A cikin igiyar akwai resista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai megaom 1. Kada ka taɓa musanya ta da waya zalla. Resistar ce ke sa cajin ya tsiyaye a hankali, kuma idan ka taɓa bolt 230 bisa kuskure, abin da zai bi ta igiyar bai wuce miliamf 0.23 ba. Auna ta da mita kowace safiya, daga ƙarfen hannu zuwa bakin matsewa. In ka ga kusan megaom 1, lafiya. In mita ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke daga ciki, ka jefar.

Riƙe fanel ta gefe, yatsa kada ya sauka a ƙafafun IC. Kawar da leda, soso, salatif da burushin roba daga tebur, don madauri ba ya sauke cajin da ke kan roba, tunda roba ba ta barin caji ya gudana. Jakar nan mai launin azurfa tana kare abin da ke cikinta ne idan an rufe bakinta, ɗora fanel a kanta ba kariya ba ce. Bakin ayan ɗinka na narka dalma ma ya kasance yana da wayar ƙasa. Danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 yana rage taruwar caji ƙwarai.

Akwai kuma cajin da ke kwance wanda kai zai yi wa illa: babbar kafasitar sashen da ke karɓar wuta tana riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi. Cire madauri a irin wannan aikin, sauke cajin kafasitar da resista mai ƙarfi, kada ka haɗa ƙafafunta da sukudireba, sannan ka auna ka tabbatar ta koma sifili kafin ka kai hannu.