Furosesa ko katin girafik, wanne ya kamata ya ci kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi zan haɗa kwamfutar gem. Mai shago ya ba ni zaɓi biyu a kusan farashi ɗaya: Ryzen 7 5700X da katin RX 6500 XT, ko Ryzen 5 5600 da RX 6600. Monitata 1080p ce. Abokai na cewa in ɗauki babbar furosesa tunda ita ce ƙwaƙwalwa. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauki na biyu, ba wata-wata.

Abokanka ba su yi ƙarya ba, sai dai a harkar gem kati ne ke yin aikin wahala. Furosesa tana lissafin inda kowa yake da abin da ya faru, shi kuwa kati shi ke zana duk abin da idonka ke gani, sau 60 ko fiye a daƙiƙa guda. Ryzen 5 5600 tana da kwa 6 (ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikinta), 5700X tana da 8, amma gininsu ɗaya ne, kuma gem kaɗan ne za su nuna maka bambancin. Ga shi 5600 tana zuwa da fankarta a kwali, 5700X kuwa sai ka sayi fanka daban, wani kuɗin ke nan da wataƙila mai shago bai sa a lissafi ba.

Tsakanin katunan biyu ne tazarar take. RX 6600 yana da ma'ajiya 8GB, RX 6500 XT rabin haka, 4GB. Manyan gem irin su Cyberpunk 2077 suna cika 4GB nan da nan, sai ka ga hoto yana sarƙewa, bango da tufafi sun dusashe. Wani aibin RX 6500 XT kuma, layi 4 kacal na PCIe (hanyar da kati ke musayar bayanai da sauran kwamfuta) yake amfani da su. Idan madabod ɗinka, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, tsohuwa ce mai PCIe 3.0, kamar B450, hanyar ta ƙara ƙuncewa daidai lokacin da ma'ajiyar ta cika yake neman aro daga RAM. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A ƙaramin kasafi ni dai nakan so kuɗin kati ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na furosesa. Wurin da nake sassautawa shi ne mai buga Valorant ko Counter-Strike 2 a monita mai 144Hz zuwa sama, domin can furosesa ce ke fara gajiya. Ko a can ɗin ma 5600 ta wadatar.

Bayan ka haɗa, saka manhajar MSI Afterburner ka duba lambobin da ke fitowa a kusurwar allo kana cikin wasa. In kati yana aiki kashi 95 zuwa sama, kuɗinka na aiki. In ya tsaya wajen kashi 60 kuma ba ka ƙayyade gudun hoto ba, to jiran furosesa ko RAM yake yi. Shi ya sa RAM ka sayi sanda biyu na 8GB, kada ka yarda da sanda ɗaya ta 16GB.

Inda mutanenmu suka fi ƙwaruwa shi ne akwatin wuta. Su cika wa kati kuɗi, su sayi fawa saflai marar suna, a ƙasar da wutar NEPA ke hawa da sauka. RX 6600 wat 132 yake ja, saboda haka wat 550 na kamfani sananne ya ishe ka, ka haɗa da sitabilaiza ko UPS.

In kuma katin gwanjo ne, ka sani da yawa sun yi aikin haƙar kuɗin kirifto na Ethereum dare da rana kafin a daina a Satumbar 2022. Ba duka ne suka lalace ba. Ka sa a kunna gem mai nauyi a gabanka na rabin awa, ka saurari ƙarar fankoki, ka duba zafinsa da ko hoto na fitar da ɗige-ɗige, sannan ka biya.