Tambayoyinku kan kallon anime a waya, kwamfuta da talabijin

Saƙonnin wannan makon yawancinsu kan katun ɗin Japan suka zo, wanda ake kira anime. Masu kallo sun yaba zanen da labarin, amma kusan kowa ya haɗa da ƙorafi. Wani ƙorafin laifin na'ura ne, wani na fayil ne, wani kuwa haka masu shirin suka yi shi tun daga Japan, kuma ba saitin da zai canza shi.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Na gama kallon wani shiri na faɗa da takobi. Zanen ya burge ni ƙwarai, amma duk sanda faɗan ya kai maƙura sai hoton ya dusashe kamar an rage hasken waya. Sikirin ɗina ne ya fara mutuwa?

Malam, kafin ka kai wayar wajen mai gyara ka yi wannan gwajin. Kashe saitin da ke daidaita haske da kansa, ka mayar da shirin baya, ka sake kallon wurin sau biyu. Idan a daidai daƙiƙa ɗaya yake dusashewa kowane lokaci, kuma rubutun fassarar da ke ƙasa bai rage haske ba, to dusashewar a jikin bidiyon take.

Abin yana da asali. Ranar 16 ga Disamba 1997 wani gidan talabijin a Japan ya nuna wani kashi na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri sosai, har aka kai masu kallo 685 asibiti, yawancinsu yara, wasu da alamun farfaɗiya. Daga nan gidajen talabijin na ƙasar suka kafa ƙa'ida kan walƙiya. Shi ya sa ake rage hasken wuraren da wuta ko tsawa ke ƙyalli, wani lokaci kuma a ɗora hoto kan hoto har ka ga kamar jarumin yana da inuwa biyu. Kwafin da aka shirya wa talabijin shi ne sau da yawa ake turo wa manhajojin kallo a makon da kashin ya fito. Wanda ake fitarwa a faifan Blu-ray bayan watanni galibi ba shi da wannan dusashewar. Ƙara hasken waya ba zai dawo da komai ba, batir kawai zai sha.

Daga wata ɗaliba a Kano: Zango ɗaya na kalla, kashi 12, data ta wata guda ta tafi. Nawa kashi ɗaya ke ci, kuma yaya zan rage?

Malama, lissafin ba shi da wuya. Kashin anime yakan ɗauki minti 23 zuwa 24. Bisa ƙiyasin da Netflix ke bayarwa, matsakaicin hoto yana cin kusan 0.7GB a awa, mai inganci kuwa yana iya kaiwa 3GB. Wato kashi ɗaya kusan 280MB ne a matsakaici, ko ya haura 1GB a mai inganci. Kashi 12 ɗinki, idan a babban saiti kika kalla, zai iya lashe abin da ya kai 14GB ba ki ankara ba.

A manhajar Netflix ki shiga App Settings, ki buɗe Cellular Data Usage, ki kashe Automatic, ki zaɓi Save Data. A wannan saitin 1GB yana kai ki kusan awa 6, wato kashi 15 ko kusa da haka. Automatic yana ba da kusan awa 4. Mai niyyar kallon dogon shiri irin Naruto Shippuden, mai kashi 500, zai buƙaci kusan 33GB a Save Data, amma kusan 140GB a matsakaicin hoto. Bambancin kuɗi ne na gaske. A YouTube ki taɓa alamar saiti a kan bidiyon, ki shiga Quality, sannan Advanced, ki zaɓi 480p da hannunki. Zanen anime yana da faɗin launi ɗaya da layuka masu kauri, don haka yana jure matsewa fiye da fim ɗin mutane, kuma a sikirin na inci shida 480p ba ta da muni. Wuraren faɗa masu hayaƙi da tartsatsi ne kawai za ki ga sun ɗan farfashe.

Ki duba sikirin ɗin wayarki ma. Ƙananan wayoyi da yawa na Tecno da Infinix da itel ɗigo 720 ne faɗinsu, don haka zaɓen 1080p a kansu biyan kuɗin abin da ido ba zai gani ba ne. Idan kina sayen datar dare mai rahusa, ki sauke kashin da dare a saitin Standard, ki kalla da rana. Ki kashe kunna kashi na gaba kai tsaye, domin barci kan kwashe mutum shirin ya ci gaba da cin data har asuba.

Daga Maraɗi: Wani aboki ya tura mini shiri a memori. A kwamfutarsa yana tafiya daidai, a wayata kuwa hoton ya koma kore da ruwan hoda, yana tsinkewa, wani kashin ma babu murya sam.

Ɗan'uwa, matsaloli biyu ne suka haɗu maka. Fayil mai ƙarewa da .mkv kamar jaka yake, a ciki akwai bidiyo, murya ɗaya ko biyu, da rubutun fassara, kowanne da irin tsarinsa. Masu matse anime sun daɗe suna amfani da tsarin H.264 mai bit 10, domin yana hana sararin sama da wurare masu duhu fitowa layi-layi kamar matakala. Sai dai ɓangaren da ke warware bidiyo a cikin yawancin wayoyi da talabijin bit 8 kaɗai ya iya a wannan tsarin. Idan aka tilasta masa, launuka suke rikicewa.

Maganin shi ne a karɓe aikin daga hannun wannan ɓangaren a bai wa furosesa. A manhajar kallon bidiyo ta MX Player, taɓa alamar HW da ke sama ka mayar da ita SW. A manhajar kallon bidiyo ta VLC a Android, shiga Settings, ka buɗe Hardware Acceleration, ka zaɓi Disabled, ka sake buɗe fayil ɗin. Launi zai dawo daidai. Amma ka sani wayar za ta ɗau zafi, caji zai sauka da sauri, kuma idan fayil ɗin 1080p ne wayar kuma ƙarama, tsinkewar ba za ta tafi ba. A nan sai a koma kwamfuta a sake matse shi da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, a zaɓi Fast 720p30, ya fito a H.264 mai bit 8 da kowace waya ke karantawa. Idan ka gama da waɗannan fayilolin ka mayar da saitin VLC kan Automatic.

Rashin murya kuwa yawanci daga tsarin sauti ne, irin EAC3 ko DTS, waɗanda MX Player ba ta zuwa da su saboda batun lasisi. VLC tana karanta su ba tare da ƙarin komai ba. Wani abu kuma: idan fayil ya wuce 4GB ya ƙi shiga memori alhali akwai fili, katin yana kan tsarin FAT32 ne. A kwashe abin da ke ciki, a yi masa fomat zuwa exFAT, in wayar tana karɓarsa.

Daga Jos: Na sayi babbar talabijin sabuwa. Anime a kanta sai in ga mutanen suna motsi kamar roba, gefen jikinsu yana narkewa. A waya kuma motsin kamar yana tsalle.

Tsallen da kake gani a waya ba cuta ba ne. Bidiyon anime hotuna 24 ne a daƙiƙa, amma masu zane ba sa zana 24 ɗin duka. Sukan zana 12 ko 8, a maimaita kowanne sau biyu ko uku, sai wurin da ake son gudu ya fito sosai a cika. A wurin hira ma baki kaɗai ke motsi. Salo ne, kuma hanyar rage aiki ce ga masu fitar da kashi duk mako. Akwai kuma ɗan karkarwa idan kyamara na zagaya fili, domin sikirin mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba ya raba 24 daidai, sai wani hoton ya tsaya sau uku wani sau biyu.

Talabijin ɗinka kuwa shisshigi take yi. Tana ƙirƙiro hotunan da babu su ta cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. A wasan ƙwallo abin na da amfani, a zane kuwa ɓarna ce, domin tazarar da ke tsakanin zane da zane ta fi ƙarfin hasashenta. Shiga saitin hoto ka kashe: LG na kiransa TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Idan akwai Filmmaker Mode, shi ma yana kashe shi. Ka rage Sharpness zuwa ƙasa sosai, shi ke sa farin zobe a gefen baƙaƙen layuka.

Daga wani malamin Islamiyya a Sakkwato: Na fi gane Larabci a kan Turanci. Na samo fassarar Larabci amma haruffan sun fito shirme, kuma rubutun yana riga magana. Sannan ko akwai fassarar Hausa?

Allah ya gafarta Malam, fayil ɗin bai lalace ba, tsarin ajiye haruffansa ne manhajar ba ta gane ba. Tsofaffin fassarorin Larabci da tsarin Windows-1256 aka ajiye su, manhajojin yanzu kuwa UTF-8 suke zato. A VLC na waya a shiga Settings, sannan Subtitles, a canza tsarin haruffa zuwa Arabic Windows-1256. A kwamfuta yana ƙarƙashin Tools, Preferences, Subtitles. Crunchyroll, manhajar kallon anime, tana da fassarar Larabci da ta Faransanci a shirye-shirye da yawa, ita ba ta buƙatar wannan wahalar, kuma 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi za su fi jin daɗin ta Faransancin.

Idan rubutu ya riga magana, a VLC na Windows a danna H, kowane dannawa yana jinkirta shi da kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa. G na dawo da shi gaba. Idan aka daidaita farko amma tazarar ta ci gaba da ƙaruwa, fassarar ta wani kwafin ce daban, misali mai hotuna 25 a daƙiƙa. Kada a ɓata lokaci, a nemi wadda ta dace. Idan muryar ce ke makara kuma da abin kunne na Bluetooth ake ji, a gwada abin kunne mai igiya tukuna, ko a gyara da J da K.

Manyan manhajojin kallo ba su sa Hausa cikin harsunan fassarar anime ba. Mai son ya yi wa iyalinsa zai iya da Notepad kaɗai. Kowane layi yana da lamba, sai lokaci a wannan siffa 00:01:32,000 --> 00:01:34,500, sai maganar, sai a bar layi ɗaya fanko. A ajiye da .srt a ƙarshe, da suna iri ɗaya da na bidiyon, a wuri ɗaya. Dole a zaɓi UTF-8 wajen ajiyewa, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. Kada magana ta wuce layi biyu. Manhajar rubuta fassara ta Aegisub ta fi sauƙi domin tana nuna zanen sauti, ana ganin inda magana ta fara. Yi wa gida daban, sayarwa ko ɗorawa a intanet kuwa taka haƙƙin mallaka ne.

Daga Kaduna: Ina biyan kuɗin Netflix mai inganci, intanet ɗina na da ƙarfi, amma hoton dishi-dishi. In na ɗauki hoton sikirin kuma baƙi yake fitowa.

Duka biyun daga makullin kare haƙƙin mallaka ne, Widevine. Wayar da ke da matakin L1 tana samun hoto mai inganci, mai L3 kuwa ƙaramin hoto kaɗai ake ba ta komai kuɗin da ka biya. Duba a App Settings, ƙarƙashin Playback Specification. Idan L3 ka gani, haka kamfanin ya fito da ita, ko kuma an taɓa buɗe mata tsarin ciki wajen masu filashin. Ba manhajar da ke mayar da ita L1, duk wanda ya ce zai yi maka kuɗinka yake so. Baƙin hoton kuwa da gangan ne.

Daga wata uwa a Gombe: Yarana sun sauke wata manhajar anime ta kyauta. Tun daga nan talla marar kyau ke faɗowa. Ai na ɗauka katun na yara ne.

Hajiya, a Japan ana yin anime don kowane rukuni, har da na manya zalla masu zubar da jini da tsiraici, waɗanda ake nunawa da tsakar dare. Zanen ba ya nuna shekarun da aka yi shirin dominsu. A Netflix ki buɗe wa yaran bayanin kansu na Kids, naki kuma ki sa masa lambar sirri mai lamba huɗu.

Manhajar kuwa ki cire ta yau. Shiga Settings, Apps, ki duba jerin duka, har da wadda ba ta da suna ko alama, domin wasu sukan ɓoye kansu. Idan maɓallin cirewa ya ƙi dannuwa, je Security, Device admin apps, ki cire mata izini, sannan ki dawo. Ki duba Accessibility da Display over other apps ki kashe duk abin da ba ki sani ba. A Chrome ki shiga Site settings, Notifications, ki toshe shafukan da yaran suka danna wa Allow, daga nan rabin tallar ke zuwa. Ki kunna binciken Play Protect a Play Store, ki kashe Install unknown apps. Idan akwai manhajar banki a wayar, ki canza lambar sirrinta daga wata wayar daban kafin ki sake buɗe ta.